Samfuri da Hujjar Lissafi Wajen Tabbatar da Manhaja Mai Wa'adi: Misali Daga Layin Dogo na Zariya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayani, cikin harshen Hausa, a kan wani reshe na ilmin kwamfuta wanda ba a cika kawo shi ba a tarurrukan ƙara wa juna ilmi irin wannan, watau yadda ake fitar da samfurin manhajar da ke aiki bisa wa'adi, da kuma yadda ake kafa hujja ta lissafi cewa ba za ta saɓa wa'adin ba. Abin da muke nufi da manhaja shi ne jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta don ta bi. Ra'ayin da za mu kare kuwa shi ne, hujjar lissafi ta fi gwaji nesa ba kusa ba a wannan fage, amma ƙarfinta bai wuce ƙarfin abubuwan da aka ƙaddara kafin a fara ta ba, kuma waɗannan abubuwa mutanen wuri ne suka fi kowa saninsu.

Mun zaɓi layin dogo ya zama misalinmu saboda Zariya garin jirgi ne. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga nan ne ƙaramin layin Bauci ya tashi zuwa ƙasar kuza ta Jos, har aka rufe shi a 1957, daga nan kuma aka ja wani reshe ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929. Ɗalibin da ya fito daga makarantar horar da malamai da ke Gyallesu ya nufi Sabon Gari, inda tashar take, ba ya bukatar a kwatanta masa yadda titi da dogo suke haɗuwa.

2.0 Manhaja Mai Wa'adi

Manhajar da ke haɗa sakamakon jarrabawa ko ta lissafa albashi, abin da ake nema gare ta shi ne amsa ta fito daidai. In ta yi jinkiri na minti goma za a yi tsaki, amma amsar ba ta ɓaci ba. Akwai kuma wata irin manhaja wadda ke zaune cikin wata na'ura tana sarrafa ta, kamar ta birkin mota, ko ta jirgin sama, ko ta na'urar asibiti, ko ta siginar jirgin ƙasa. Ita wannan, amsarta ba ta zama daidai sai ta zo cikin lokacin da aka yanka mata. Umurnin taka birki da ya iso bayan an yi karo ihu ne bayan hari. Irin wannan ce muka raɗa wa suna manhaja mai wa'adi.

A nan ya kamata mu kau da wata rashin fahimta da muke yawan gani wurin ɗalibai, waɗanda kan ɗauka cewa sauri ake nufi. Ba sauri ake nema ba, alkawari ake nema. Direban da yakan kai mutum Kaduna cikin awa ɗaya a yawancin ranaku, amma wata rana sai ya kwana a hanya, bai kai wanda bai taɓa wuce awa biyu ba amfani ga mai jirgin da zai kama. Abin da ake tambaya a kullum shi ne, in komai ya haɗu ya yi muni, iyakar lokacin da aikin zai ci nawa ne? Wa'adin kansa iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, kamar na muryar da ke tafiya ta waya, wadda in ta makara sai dai magana ta yanke. Akwai kuma mai tsanani, wanda saɓa shi sau ɗaya tak yana iya zama asarar rai. A kan na biyun wannan takarda ta tsaya.

3.0 Dalilin da Gwaji Bai Wadatar Ba

Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar Kanada, ta zuba wa majinyata haske fiye da ƙima har sau shida da aka sani, a Amurka da Kanada, wasunsu kuma suka rasu. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka gano na lokaci ne tsantsa. Na'urar takan ɗauki kimanin sakan 8 tana daidaita maganaɗisunta, to in mai aiki da ita ya yi gyara a allon rubutu ya gama cikin waɗannan sakan 8, sai wani sashe na manhajar ya ga gyaran, wani sashe bai gani ba. Abin lura shi ne, sabon ma'aikaci mai lalube ba zai taɓa faɗawa wannan rami ba. Sai wanda hannunsa ya faɗa. Ke nan ƙwarewar ma'aikaci ita ta buɗe ƙofar da gwaji bai gano ba.

Tun wajen 1970 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ja hankali cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu. Ƙididdiga kaɗan za ta fito da maganar fili. Mu ƙaddara na'ura tana da sassa 10, kowane sashe yana iya kasancewa cikin ɗaya daga halaye 10. Yawan yadda za su iya haɗuwa shi ne 10 sau 10 har sau goma, watau biliyan 10. In ana gwada ɗaya kowane sakan, dare da rana ba hutu, za a shekara fiye da 300 ba a gama ba. Wannan kuwa tun ba a sa lokaci cikin lissafin ba, alhali tsakanin sakan ɗaya da na biyu akwai gutsattsarin lokaci da ba su ƙirguwa, kuma abu yana iya aukuwa a kowane ɗaya daga cikinsu.

4.0 Fitar da Samfuri

Samfuri shi ne siffar abu wadda aka rage mata duk abin da bai shafi tambayarmu ba, kamar yadda mai zanen gida yakan nuna tsawo da faɗin ɗaki bai nuna launin labule ba. A wannan fage samfuri yana ƙunshe da abu uku: halayen da kowane sashe zai iya shiga, da sharuɗɗan ƙaura daga wani hali zuwa wani, da agogunan da ke auna tsawon zaman da aka yi. Mahaɗar titi da dogo ta daɗe da zama misalin da masana ke auna hanyoyinsu da shi, musamman tun da Constance Heitmeyer da abokan aikinta suka tsara ta a matsayin matsalar gwaji a 1993. Alƙaluman da za mu kawo a ƙasa namu ne, mun ƙaddara su ne don bayani, ba ma'aunin wata mahaɗa takamaimai ba ne.

A al'ada mutum ne ke tsaron mahaɗa, da tutarsa ja da kore. Mu ƙaddara an maye gurbinsa da manhaja. Sassan su uku ne. Na farko jirgi, wanda halayensa su ne: yana nesa, ya kusato, yana kan mahaɗa. Na biyu shinge, wanda ko yana sama, ko yana sauka, ko yana ƙasa, ko yana tashi. Na uku ita manhajar, wadda ke karɓar labari daga wata na'urar tsinkaya da aka dasa a kan dogo, mita 1,000 kafin mahaɗa. Sai mu rubuta lokuta. Jirgi ba ya wuce gudun kilomita 72 a awa, watau mita 20 a sakan, saboda haka daga na'urar tsinkaya zuwa mahaɗa ba zai kasa sakan 50 ba. Manhaja tana amsa labari cikin abin da bai wuce sakan 2 ba. Ƙararrawa da jar wuta suna yin gargaɗi na sakan 10 don waɗanda ke kan dogo su fice. Shinge kuma yana cin tsakanin sakan 8 zuwa 15 wajen sauka, haka nan wajen tashi.

Bayan samfuri sai da'awa, watau abin da muke so a tabbatar. Da'awa ta farko ta tsira ce: babu wani lokaci da jirgi zai kasance kan mahaɗa alhali shinge ba ya ƙasa. Ta biyu ta amfani ce: in jirgi ya wuce kuma babu wani a kusa, lalle shinge ya tashi cikin ƙayyadadden lokaci. Dole a haɗa su biyun, domin ta farko ita kaɗai ana iya cika ta da ginin bulo a tsakiyar titi.

In jirgi ɗaya ne, lissafin yaron firamare ne. A mafi munin hali, 2 da 10 da 15 sun ba da sakan 27, jirgi kuwa ba zai iso ba sai bayan 50. Akwai rarar sakan 23.

To amma kusa da tasha layi ba ɗaya ba ne. Mu ƙara layi na biyu, mu kuma ƙaddara cewa mai rubuta manhajar ya yi abin da hankali ke fara kawowa: in jirgi ya wuce, manhaja ta ba da umurnin ɗaga shinge, ta jira har a shaida mata ya kai sama, sa'an nan ta koma ta duba abin da na'urar tsinkaya ta ajiye mata. Idan jirgi na biyu ya taka na'urar a daidai lokacin da shinge ya fara tashi, labarinsa zai yi jiran sakan 15 kafin a duba shi, sai kuma 27 ɗin nan su biyo baya. Jimla 42. Har yanzu bai kai 50 ba, don haka da'awar tana nan, sai dai rarar ta sauko zuwa 8 ba tare da kowa ya sani ba.

Yanzu mu ce bayan wasu shekaru an gyara dogo, an kawo jiragen da ke gudun kilomita 120 a awa, ba a taɓa na'urar tsinkaya ba. Mita 1,000 ta koma tafiyar sakan 30. Injiniya ya zo gwaji da jirgi ɗaya, ya ga 27 bai kai 30 ba, ya gamsu. In ma mai tsantseni ne ya sa aka turo jirage biyu, ranar gwaji shingen sabo ne, an sa masa giris, yana tashi cikin sakan 8 ya sauka cikin 8, to 8 da 2 da 10 da 8 sun ba da 28, nan ma an tsallake. Sai ranar da ƙurar hunturu ta cika injin shingen ya koma cin 15, jirage biyu kuma suka zo a jere kamar yadda muka siffanta. A sakan na 30 jirgi yana kan mahaɗa, shinge kuwa sakan 3 kacal ya yi da fara sauka. Ba wanda ya yi sakaci, ba abin da ya lalace, kowane sashe yana cikin iyakar da aka rubuta masa. Haɗuwarsu ce kawai ba a taɓa gani ba. Wannan shi ne irin kuskuren da ake fitar da samfuri dominsa.

5.0 Kafa Hujja

A ƙaramin misali irin namu alli da allo sun isa. In sassa suka kai ɗari, sai an nemi hanya mai tsari. Tunanin kafa hujja a kan manhaja, kamar yadda ake kafa ta a kan kusurwoyin alwatika, ya faro tun wata gajeriyar takarda ta Alan Turing a 1949, Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka ba shi ƙa'idoji. Amma hanyoyinsu sun fi dacewa da manhajar da ke karɓar tambaya ta ba da amsa ta tsaya. Manhajar mahaɗa ba ta tsayawa. A 1977 Amir Pnueli, ɗan Isra'ila, ya nuna cewa wani reshe na manɗiƙi mai kula da zamani, wanda ke da kalmomi irin su "ko da yaushe" da "wata rana" da "har sai", ya dace da siffanta irin wannan manhaja. Kalmar manɗiƙi ba baƙuwa ba ce a zaurukan malaman birnin Zazzau, kuma wanda ya saba da bambance sharaɗi da sababi ba zai sha wuyar karanta waɗannan da'awoyi ba.

Mataki na gaba shi ne a ɗora wa kwamfuta aikin binciken. Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka a 1981, da Jean-Pierre Queille da Joseph Sifakis a Faransa a 1982, kowane ɓangare da kansa, suka fito da hanyar da za a ba kwamfuta samfuri da da'awa, ta bi dukkan halayen da samfurin zai iya shiga ba ta bar ko ɗaya ba. Clarke da Emerson da Sifakis sun sami lambar Turing ta 2007 a kan haka. A ganinmu babbar fa'idar wannan hanya ba ta ranar da ta ce "da'awa ta tabbata" ba ce, ta ranar da ta ce "ba ta tabbata ba" ce, domin a ranar takan kawo labarin yadda abin zai faru daki-daki: jirgi na ɗaya ya wuce a lokaci kaza, shinge ya fara tashi, jirgi na biyu ya taka na'ura, har zuwa karo. Injiniya na iya ɗaukar wannan labari ya nuna wa shugaban tasha wanda bai san lissafi ba, ya kuma gane.

Saura matsalar lokaci, wanda muka ce gutsattsarinsa ba su ƙirguwa. Yaya za a bi abin da ba shi da iyaka a ƙare? Rajeev Alur da David Dill ne suka warware wannan a 1990. Abin da suka lura da shi mai sauƙin faɗi ne. Samfuri ba ya tambayar agogo komai sai ta hanyar gwama shi da cikakkun lambobi, kamar "ya kai 10?" ko "ya wuce 15?". Saboda haka agogon da ke kan 11 da ɗigo 2 da wanda ke kan 11 da ɗigo 7 duk amsa ɗaya za su bayar. Abin da ya rage a kiyaye, in agoguna sun fi ɗaya, shi ne wanne ne zai riga wani cika sakan na gaba. Kuma da zarar agogo ya wuce lamba mafi girma da aka ambata game da shi, ko ya kai nawa duk ɗaya ne. Da wannan sai lokutan da ba su da iyaka suka tattaru cikin rukunoni masu iyaka, kwamfuta ta bi rukunonin. A kan wannan tushe jami'ar Uppsala ta Suwidin da ta Aalborg ta Denmak suka fito da manhajar bincike mai suna UPPAAL a 1995. A 1997 aka yi amfani da ita a kan tsarin da kayan sauti da na talabijin na kamfanin Bang & Olufsen ke bi wajen aika wa juna saƙo, wanda an daɗe da sanin yakan ɓatar da saƙo jefi-jefi ba a gano dalili ba. Binciken samfurin ya fito da dalilin.

Akwai hanya ta biyu, wadda ba bincike ba ce, gini ne. Ana fara rubuta da'awa cikin harshen lissafi, a yi ta sauko da ita mataki-mataki har ta zama umurnin kwamfuta, kowane mataki da hujjarsa. Hanyar B ta Jean-Raymond Abrial irin wannan ce, da ita aka gina sashen tsaro na manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, mai tafiya ba direba, wanda aka buɗe a 1998. Tsadarta kuwa ba ɓoyayya ba ce. Lokacin da masana a Ostareliya suka kammala hujjar ƙwayar manhajar nan seL4 a 2009, layin umurni kimanin 8,700 ya ci hujja mai layi wajen 200,000. Shi ya sa ba a yin haka sai a gurbin da kuskure ke nufin gawa.

6.0 Ina Aka Samo Alƙaluman?

Mun rubuta a sama cewa manhaja tana amsawa cikin sakan 2, muka wuce kamar abin banza ne. Ba banza ba ne. Kwamfuta ɗaya takan ɗauki ayyuka da yawa, tana yi wa kowanne ɗan lokaci, saboda haka alkawarin sakan 2 ya dogara ga yadda aka tsara layin jiran. C. L. Liu da James Layland sun tabbatar a 1973 cewa in ayyukan masu maimaituwa ne, ba su dogara da juna ba, aka kuma fifita wanda ya fi yawan dawowa, to babu wanda zai saɓa wa'adi muddin nauyinsu gaba ɗaya bai wuce wani kaso na ƙarfin kwamfutar ba: kimanin kashi 83 cikin 100 in ayyuka biyu ne, 78 in uku ne, yana raguwa har ya tsaya wajen 69.

A lura da sharaɗin "ba su dogara da juna ba". Kumbon Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars ran 4 ga Yuli 1997 ya yi ta kashe kansa yana tayarwa saboda rashin wannan sharaɗi. Kwatancinsa kamar rijiya ce mai guga ɗaya. Yaro yana riƙe da guga, sai manzon sarki ya zo da gaggawa, dole ya jira yaro ya gama. Kafin yaro ya gama sai wani babba, wanda ba ruwa yake so ba, ya kira shi aike, yaro kuwa ba shi da ikon ƙi, ya tafi da guga a hannu. Manzon sarki ya fi babban nan girma, amma ga shi yana jiransa. A kumbon, aikin auna yanayi shi ne yaron, kuma da agogon tsaro ya ga babban aiki ya makara sai ya tayar da kwamfutar daga farko. Maganin, wanda aka aika daga nan duniya, shi ne a ara wa yaro girman manzo muddin guga na hannunsa, don kada kowa ya aike shi.

7.0 Iyakar Hujja

Hujjar lissafi ba ta cewa mahaɗa lafiya take. Abin da take cewa shi ne, in abubuwan da aka ƙaddara gaskiya ne, to da'awa ta tabbata. Agogon samfuri, alal misali, ba ya gaba ba ya baya. Na ƙarfe yana yi. Ran 25 ga Fabrairu 1991 a Dahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, sojan Amurka 28 suka mutu. Dalili shi ne na'urar tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya bisa goma na sakan, lambar da ba ta rubutuwa cif a lissafin kwamfuta, ɗan ragowar kuma ya yi ta taruwa har bayan awa wajen 100 tana kunne ya kai kusan sulusin sakan. Ba a yi zaton za a bar ta kunne haka ba. Rokar Ariane 5 kuma, da ta tarwatse ran 4 ga Yuni 1996 ba ta cika minti ɗaya da tashi ba, ta gāji wani sashen manhaja ne daga Ariane 4, tare da zaton cewa wata lamba ba za ta wuce wani adadi ba. A tsohuwar roka zaton gaskiya ne, a sabuwa ba haka ba. Wannan bai bambanta da na'urar tsinkayarmu da aka bari a mita 1,000 bayan jirgi ya ƙara gudu ba.

A nan ne muke ganin maganar ta dawo gida. Ran 15 ga Yuli 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, mai faɗin milimita 1,435 maimakon 1,067 na tsohon layi, kuma an tsara shi ya bi ta Zariya. Ko da an yi wa titi gada ta sama an kauce wa mahaɗa, siginar da ke hana jirage biyu shiga layi ɗaya manhaja ce mai wa'adi, haka nan na'urorin da ake horar da matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama a kansu a kwalejin da aka kafa a Zariya a 1964. Yawancin irin waɗannan kaya sayo su ake yi, da hujjarsu da abubuwan da aka ƙaddara a ƙasar da aka ƙera su.

Mu sake duban namu alƙaluman da idon mutumin Zariya. Mun ce gargaɗin sakan 10 ya isa a fice daga kan dogo. Ya isa ga ƙaramar mota. Ga garken shanu hamsin fa, ko tifa mai yashi da ta mutu a tsakiya? Mun ƙaddara wuta ba ta ɗaukewa, wayar na'urar tsinkaya kuma ba a yanke ta. Injiniyoyin dogo suna da tsohuwar ƙa'ida a kan wannan, cewa in abu ya lalace ya faɗi ta gefen tsira, watau in wuta ta ɗauke shinge ya sauka da nauyinsa. Ƙa'ida ce mai kyau inda ɗaukewar wuta ta minti biyu ce. Inda takan wuni kuwa, shingen da ya tare titi tun hantsi babu jirgi, kafin azahar wani zai ɗaga shi ya tokare da itace, kuma ba za mu ce bai yi hankali ba.

Haka abin yake ga gyaran kuskuren da muka gano a sashe na huɗu. Gyara mafi arha a takarda shi ne a matsar da na'urar tsinkaya baya. Sakan 42 a gudun kilomita 120 na bukatar mita 1,400. Da'awar tsira ta tabbata. Amma jirgin kaya mai jan jiki a kilomita 18 a awa, watau mita 5 a sakan, zai ci sakan 280 kafin ya iso, kusan minti biyar mutane na tsaye suna kallon dogo wayam. Ɗan acaɓa na farko zai sunkuya ya wuce, na biyu ya bi shi, daga nan shinge ya daina nufin komai. Karon da jirgi ya yi da bas ɗin ma'aikata a wata mahaɗa a Ikeja ran 9 ga Maris 2023, inda aƙalla mutum shida suka rasu, ya isa tuni cewa rabin mahaɗa na hannun masu titi ne. Saboda haka da'awar amfani, wadda littattafai kan ajiye a matsayi na biyu, a wurinmu ita ma ta tsira ce, kuma haƙurin mai jira adadi ne da ya kamata a auna a sa cikin samfuri. Gyaran da ya fi shi ne a bar na'urar inda take, a sake rubuta manhajar yadda za ta ci gaba da sauraro ko shinge na tashi, ta juya shi nan take in labari ya zo, sa'an nan a mai da sabon samfurin wurin bincike, domin juyawar ita ma sabon hali ce mai nata lokaci.

Wannan aiki na tattara abubuwan da za a ƙaddara ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. UPPAAL kyauta ake ba da ita don koyarwa da bincike a makarantu, kuma ƙaramar kwamfuta na ɗaukarta. Ɗaliban lissafi da na kwamfuta a kwalejojin ilmi suna iya tsayawa bakin mahaɗa da agogo da littafi, su auna sakan nawa amalanke ke ci kafin ya tsallake, da garke, da tirela mai kaya, da minti nawa masu babur ke jira kafin na farko ya kutsa, a lokacin damina da na rani, ranar kasuwa da wadda ba ta kasuwa ba. Hukumar da za ta sayi sigina kuwa, takardar da ya kamata ta fara nema wurin ɗan kwangila ita ce jerin abubuwan da hujjarsa ta ƙaddara, a ɗora shi kusa da waɗannan ma'aunai, a bi su layi-layi.